Motar Ƙurɗuba Ma Aji Ce

Duk ɗalibin da ya samu damar yin zangon karatu guda a wata jami'ar ƙasar waje, a makon farko akan miƙa masa jadawali. A ciki akwai ranakun lacca, akwai na jarrabawa, sannan akwai wasu 'yan ranaku da aka ware domin aji ya fita gaba ɗayansa, malami da ɗalibai, a shiga mota a tafi wani gari, a kwana ko a dawo a ranar. Waɗannan ranakun su ne 'ya'yanmu suka fi saurin tsallakewa, kuma su ne iyaye da masu ɗaukar nauyin karatu suka fi ƙyashin kashe wa kuɗi. Ni kuwa a wurina, cikin wata huɗu ko biyar ɗin da yaro zai yi a can, babu ranakun da suka kai su daraja.

Abin da ya tayar da zancen shi ne wani maƙwabcina da 'yarsa ke zango guda a Jami'ar Garnaɗa da ke kudancin Sifaniya, ƙarƙashin shirin musayar ɗalibai na Tarayyar Turai mai suna Erasmus+, wanda a shekarun nan ya buɗe ƙofa ga ɗaliban jami'o'in Afirka. Ya tare ni bayan Isha'i ya ce, "Malam, yarinyar nan ta bugo waya, wai ajinsu za su je Ƙurɗuba, tana neman izini da ɗan guzuri. Ni fa karatu na tura ta, ba yawon buɗe ido ba." Na ce, "Alhaji, ka yi mata izini. In ma da hali, ka ƙara mata kuɗin littafin rubutu." Ban samu lokacin yi masa cikakken bayani a ƙofar masallaci ba, shi ya sa na kawo shi nan, domin na san ba shi kaɗai ke da wannan tunani ba.

Daga Garnaɗa zuwa Ƙurɗuba, wadda mutanen ƙasar ke kira Kordoba, tafiya ce da ba ta kai awa uku a mota ba, yawancinta cikin gonakin zaitun da suka rufe tuddai iya ganin ido. Idan an isa, aji zai ratsa gadar da aka kafa tun zamanin Rumawa a kan kogin da Larabawa suka kira Wadil Kabir, a shiga harabar da aka dasa wa itatuwan lemo, daga nan a faɗa cikin babban masallacin. Abdurrahman ad-Dakhil, wanda ya tsira daga kisan da Abbasiyawa suka yi wa danginsa Banu Umayya a Sham, shi ya fara gina shi wajen shekarar 785. Magadansa suka yi ta faɗaɗa shi har kusan shekara ɗari biyu: Abdurrahman na biyu, sai Alhakam na biyu daga 961, sai wazirin nan Almansur a 987.

Waɗannan shekaru duk suna cikin littafi, kuma ana iya haddace su a ɗakin kwana. Abin da sai an tsaya a wurin ake ganewa daban ne. Ginshiƙan sun haura ɗari takwas, amma idan ɗalibi ya matsa kusa da na ɓangaren farko zai ga ba iri ɗaya ba ne: wani farin dutse, wani ja, wani ya fi wani kauri, kawunansu ma kowane da irin sassaƙarsa. Dalili kuwa, tsinto su aka yi daga kufan gine-ginen Rumawa da na sarakunan Kiristan da suka gabaci Musulmi a ƙasar. Kuma gajeru ne, ba za su iya ɗaga rufin babban zaure ba. Sai maginan suka ɗora baka a kan baka, hawa biyu, suna jera jan bulo da farin dutse bi da bi. Wannan tsarin baka hawa biyu da duniya ta san masallacin da shi, asalinsa dabara ce ta maginin da kayan aiki suka yi masa ƙaranci. Ɗalibar da ke karanta zanen gine-gine ko injiniyanci, in ta ɗaga kai ta gane haka da kanta, ta samu abin da lacca goma ba za su dasa mata ba.

Haka mihrabin da Alhakam ya gina. Ƙananan duwatsun gilashi masu ruwan zinariya da aka jera aka rubuta ayoyi da su, gwanin da ya jagoranci aikin daga Ƙusɗanɗiniya ya zo, sarkin Rumawan gabas, Kirista, shi ya aiko shi bisa roƙon halifan Musulmi. Alƙiblar masallacin kuma ta karkata kudu sosai, alhali Makka tana gabas maso kudu da birnin, kuma masana sun daɗe suna muhawara a kan dalili. Malami nagari zai tsayar da ajinsa a nan ya ce kowa ya fito da wayarsa ya duba alƙibla, sannan ya tambaye su me ya sa mutanen da suka ƙware a ilimin taurari suka bar ta haka. Irin wannan tambaya ita ce ke bambanta ɗalibi da ɗan yawon buɗe ido, ko da a mota ɗaya suka zo.

Sai kuma abin da ke tsakiyar ginin, wanda babu Musulmin da zai gan shi bai ji wani abu ya soke shi ba. Tun 1236, lokacin da Sarki Fardinand na uku ya ci birnin, masallacin ya zama coci. A 1523 aka fasa tsakiyarsa aka fara gina babbar majami'a mai tsawo a cikin jerin ginshiƙan. Hasumiyar da Abdurrahman na uku ya gina tana nan, amma a cikin hasumiyar ƙararrawa, an lulluɓe ta. Har yau ba a yarda Musulmi ya yi salla a ciki ba, kuma a 2010 wasu matasa Musulmi da suka zo daga Ostiriya suka gwada, aka yi hatsaniya da masu gadi har 'yan sanda suka shigo.

A nan ne nake da magana da 'ya'yanmu. Akwai masu zuwa wurin nan su yi ta ɗaukar hoton kansu, su watsa a WhatsApp, su fito ba su karanta ko allo ɗaya ba. Akwai kuma, kuma su na fi jin tsoro domin niyyarsu kyakkyawa ce, masu zuwa da kukan da suka taho da shi tun daga gida. Sun taso suna jin wa'azi a kan Andalus, wato Sifaniya ta zamanin mulkin Musulmi, aljannar da aka ƙwace, don haka suna shiga sai hawaye, suna fita sai fushi, kuma ba su koyi komai ba sai abin da suka riga suka sani. Baƙin cikin gaskiya ne, ba na raina shi. Abin da ya biyo bayan faɗuwar Garnaɗa a ranar 2 ga Janairun 1492 zalunci ne tsagwaronsa: an yi yarjejeniya cewa Musulmi za su ci gaba da addininsu da kotunansu, ba a cika shekara goma ba aka warware ta, aka tilasta wa mutane shiga Kiristanci, aka tara littattafan Larabci a dandalin kasuwa aka cinna musu wuta. Yahudawa an kore su tun a 1492. Daga 1609 zuwa 1614 aka kwashe jikokin Musulmin, mutum kusan dubu ɗari uku, aka fitar da su daga ƙasar kakanninsu. Duk wannan ya faru, kuma malaman tarihi na Sifaniya da kansu suna koyar da shi.

Amma motar ba a masallacin take tsayawa ba. Yawancin irin wannan fita sukan wuce zuwa Madinatuz Zahra, kilomita takwas yamma da birni, fadar da Abdurrahman na uku ya fara ginawa bayan ya naɗa kansa halifa a 929. Birni ne sukutum a gefen dutse, hawa uku, da zauren karɓar baƙi, da lambuna, da gidan buga kuɗi, da magudanan ruwa. Yau kufai ne, kuma tun 1911 ake tono shi, har yanzu kaso kaɗan aka buɗe. Tambayar da ɗalibi zai yi a nan ita ce: wa ya rushe shi? Ba Fardinand ba ne, domin ba a haife shi ba tukuna. Birnin bai cika shekara tamanin ba, Musulmi da kansu suka wawashe shi suka ƙone shi tsakanin 1010 da 1013, a yaƙin basasar neman mulki tsakanin 'ya'yan sarauta da rundunonin soja. A 1031 halifancin ya mutu, ƙasa ta tsage gida-gida, kowane gwamna ya zama sarki, wasunsu suna biyan sarakunan Kirista na arewa haraji domin a taya su yaƙar maƙwabtansu Musulmi. Wannan ɓangaren ba kasafai ake jin sa a kan mumbari ba. Mutumin da ya fito daga yankin da ƙauyuka ke watsewa a hannun 'yan uwansu, ya kamata ya daɗe a tsaye a kufan nan fiye da kowa.

Akwai ƙari. A cikin birnin za a nuna wa aji gunkin tunawa da Ibn Rushd, alƙali, likita, mai Bidayatul Mujtahid, wanda aka haifa a Ƙurɗuba a 1126. Muna alfahari da shi, Turawa ma sun ci moriyar sharhinsa a kan Aristo ƙarni da ƙarni. Amma wanda ya kore shi daga birni a ƙarshen rayuwarsa, ya sa aka ƙona littattafansa na falsafa, halifan Muwahhidai ne, Musulmi ɗan uwansa. Littattafan Ibn Hazm ma a Ishbiliya aka ƙona su, ƙarƙashin sarki Musulmi. A ɗaya gefen kuma, lokacin da limaman coci suka so fasa tsakiyar masallaci a 1523, majalisar garin Ƙurɗuba, wadda duk Kiristoci ne, ita ta tashi tsaye ta ƙi, har ta haramta wa magina taɓa ginin, sai da sarkin ƙasar ya sa baki aka rinjaye ta. Kuma babban masallacin Ishbiliya rushe shi aka yi, hasumiya da haraba kawai suka rage, na Ƙurɗuba kuwa ya kai mu yau domin an ci gaba da amfani da shi ana gyara rufinsa shekara kusan ɗari takwas. Ɗalibin da zai iya riƙe waɗannan abubuwa duka a zuciya ɗaya, bai jefar da wanda ya yi masa ɗaci ba, shi ne ya fara zama mai ilimi. Kuma da wuya a kai ga haka daga shafin littafi, domin shafi ana iya tsallake shi, kufai kuwa yana gabanka, malami na jiran amsa.

Yanzu bari in juyo ga abin da ya fi faranta mini rai, wato abin da 'yarmu za ta kai wa ajin, ba abin da za ta karɓo kawai ba. A cikin motar nan akwai ɗan Amurka, da 'yar Jamus, da ɗan Japan. Dukkansu baƙi ne ga Andalus. Wadda ta fito daga Kano ko Katsina ko Damagaram, ta taso a cikin Andalus ba tare da an gaya mata ba. Ishiriniyar da ake rerawa a unguwarsu da daren Maulidi, Alfazazi ne ya yi ta, haifaffen Ƙurɗuba, wanda ya rasu a 1230. Ashafa da ake karantawa a zauruka da azumi, mai ita Alƙali Iyal ya yi karatu a Ƙurɗuba, ya kuma yi alƙalanci a Garnaɗa. Muwaɗɗa ta Imamu Malik da malamanmu ke biyawa, ruwayar Yahya ɗan Yahya Allaisi ce, malamin Ƙurɗuba da ya rasu a 848. Alfiyyar da ɗaliban nahawu ke haddacewa, Ibn Malik ya fito ne daga Jayyan, garin da ke arewa da Garnaɗa. Tuhfatul Hukkam da alƙalanmu suka daɗe suna hukunci da ita, Ibn Asim babban alƙalin Garnaɗa ne ya tsara ta, ya rasu a 1426. Ga tafsirin Alƙurɗubi, ga Shaɗibiyya ta masu ƙira'a. Littattafan da aka ƙona a dandalin Garnaɗa, 'yan uwansu sun ƙetare teku da Sahara, suna nan a raye cikin gafakar malaman zaure, ana karanta su kullum bayan Asuba.

Mutane ma sun bi hanyar. Abu Ishaƙ Assahili, mawaƙin Garnaɗa, ya haɗu da Mansa Musa a aikin Hajji na 1324, ya biyo shi Mali, ya rasu a Tumbuktu. Judar Basha, wanda ya jagoranci rundunar Maroko da ta karya daular Songhai a Tondibi a 1591, haifaffen Sifaniya ne. Hasan Alwazzan, wanda Turawa suka sani da Leo Africanus, a Garnaɗa aka haife shi, kuma littafinsa da aka buga a 1550 yana cikin na farko da suka sanar da Turai sunayen Kano da Katsina da Zazzau da Gobir da Zamfara.

Ranar da ajin zai hau Alhamra, fadar sarakunan Banu Nasar da ke Garnaɗa, abokan karatunta za su ga bango cike da ado mai kyau. Ita kuwa, albarkar makarantar allo da Islamiyya, za ta ga rubutu. Za ta iya nuna musu taken gidan sarautar da aka maimaita a kowane lungu, cewa babu mai rinjaye sai Allah, ta nuna musu inda aya ta ƙare da inda baitin waƙa ya fara. A wannan ranar ita ce idon ajin. Yarinyar da wata uku tana zaune a kujerar baya tana jin kunyar lafazinta, a nan za ta gane tana da abin da sauran ba su da shi. Amma fa sai in ta san tana da shi, kuma a nan ne laifin yake komowa kanmu. Mun raba ilimi gida biyu: ɗalibin zaure ya san littattafan amma ba a taɓa nuna masa taswira ba, ɗalibin boko ya san taswira amma bai san Ishiriniyar kakarsa tana da gari ba. Kafin yaro ya hau jirgi, zama ɗaya da malamin unguwa zai wadatar a lissafo masa littattafan da garuruwansu.

A shirye-shiryen da aka tsara da kyau, fitar aji ba hutu ba ce. Akan ba da abin karantawa tun kafin ranar, akan raba wa ɗalibai batutuwa, kowa ya yi bayani na 'yan mintoci a gaban abin da aka ba shi, a dawo kuma a rubuta rahoto mai maki. Sannan akwai darasin da ba a rubuta a jadawali ba, wato zaman motar kansa. Mun san halin 'ya'yanmu a waje: su nemi junansu, su kama ɗaki ɗaya, su tuƙa tuwonsu, su kalli finafinan gida, wata biyar su dawo ba su iya gaisuwa mai tsawo da harshen ƙasar ba. Ba na zarginsu, kewa da sanyi da tsadar rayuwa ne ke tura su. Amma a mota babu zaɓi, kujerar da ta rage ita za ka zauna, kuma kusan awa uku kusa da baƙo dole a yi magana. A nan ake tambayarta me ya sa take rufe kanta, ita ma ta tambayi abin da ya daɗe yana ɗaure mata kai, kuma a nan ake ƙulla zumuncin da wata rana zai zama wasiƙar shaida ko gurbin digiri na biyu.

Damuwar iyaye kuwa tana da tushe, kuma ba daidai ba ne a amsa ta da dariya. Uba yana tunanin salla, da abinci, da cuɗanya, da wurin kwana. Duk suna da mafita in an yi magana da wuri. Tafiyar ta wuce nisan da shari'a ta yi rangwamen ƙasaru, matafiyi kuma yana da sauƙin haɗa salloli, ga wuraren salla na Musulmin da ke zaune a biranen biyu; a Garnaɗa ma tun 2003 akwai babban masallaci a unguwar Albaisin, yana fuskantar Alhamra. Abin da ba na goyon baya shi ne ɗalibi ya shimfiɗa darduma a inda aka hana domin ya nuna jarumta. Baƙo ne da bizar karatu, kuma fitinar da zai tayar, Musulmin garin ne za su kwana da ita. Naman alade ya cika abincin ƙasar, har a cikin miya da burodi, saboda haka a tafi da guzuri ko a tsaya ga kifi da ƙwai da kayan lambu. In fitar ta haɗa da kwana, a gaya wa malami tun farko cewa ɗakin mata zalla ake so. Wannan ba baƙon roƙo ba ne a wurinsu. Yarinyar da aka amince ta ƙetare teku ita kaɗai, a amince ta iya faɗin waɗannan da bakinta.

Masu ɗaukar nauyin karatu, gwamnatoci ne ko attajirai ko ƙungiyoyi, lissafinsu kusan iri ɗaya ne: kuɗin makaranta, masauki, abinci, tikitin jirgi. Fitar aji ba ta da layi a takardar, don haka in ba ta cikin kuɗin makaranta, daga kuɗin cefane ɗalibi zai cire, kuma wanda ke ƙirga Yuro da farashin Naira a ransa ba zai cire ba. A sa mata layinta. In aka gwada da miliyoyin da aka kashe wajen kai yaro can, abin da ake nema bai taka kara ya karya ba. Jami'ar da ta tura ɗalibin kuma, in ya dawo, kada ta karɓi takardar maki kawai ta ajiye a fayil: ta tsayar da shi gaban 'yan ajinsa ya faɗi abin da ya gani, sannan ta ba shi jagorancin fita zuwa Gidan Makama ko Hasumiyar Gobarau ko abin da ya rage na ganuwar Kano, ya gwada musu yadda ake tsayawa gaban gini a yi masa tambaya.

Kuma shawarar ba ta jiran tsakiyar zango. Shiga fadojin Alhamra da ƙayyadadden adadi ne, tikiti da sunan mutum da lambar fasfonsa ake yanka shi, da sa'ar da zai shiga, kuma a lokacin bazara yakan ƙare makonni kafin ranar. Shi ya sa malamai ke karɓar sunaye tun kwanakin farko. Ɗalibin da ya ce bari ya ji daga gida tukuna, gida kuma ya ce bari a ga ƙarshen wata, zai tarar an riga an miƙa jerin sunayen.